Baƙon Ɗan Kasuwa da Rajistar Kamfani a Legas

'Yan'uwanmu 'yan Nijar da Chadi da Kamaru da ke kasuwanci a Legas sukan yi mini tambaya ɗaya a ofishina da ke Agege, inda nake yi wa 'yan kasuwa aikin akanta: shin wanda ba ɗan Najeriya ba yana iya yin rajistar kamfani da sunansa? Yana iya, kuma doka ta ba shi damar mallakar kamfanin gaba ɗaya. Sai dai da yawansu sun daɗe a nan, sun yi aure, sun hayayyafa, ba wanda ke tambayar su asalinsu a kasuwar Mile 12 ko ta Alaba Rago, har sukan manta cewa fom ɗin hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, yana da gurbin da ke nuna mutum ɗan wace ƙasa ne da lambar fasfo, kuma abin da aka rubuta a gurbin nan shi ke yanke irin hanyar da mutum zai bi.

Tsoron da ke sa baƙi ɓoye kansu yana da tushe. A shekarar 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar da ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan ƙasa kaɗai, aka ƙara tsaurara ta a 1977, kuma a wancan zamani ne al'adar aron suna ta yi ƙarfi, inda dukiya ta baƙo ce amma takarda ta ɗan gari. Tun 1995, lokacin da aka kafa hukumar bunƙasa zuba jari ta NIPC, aka buɗe wa baƙi ƙofa, in ban da 'yan harkoki kaɗan da aka haramta wa kowa, irin su ƙera makamai da harsasai, da miyagun ƙwayoyi, da kakin soja. Dokar ta sauya shekaru da dama da suka wuce, amma al'adar tana nan daram a kasuwanninmu.

Na ga ƙarshen irin wannan aron suna a wajen wani dattijo mutumin Maraɗi mai fataucin albasa da wake, wanda ya buɗe kamfani da sunan amininsa ɗan Najeriya, ya zuba motocinsa da rumbunsa a ciki. Da Allah ya yi wa aminin rasuwa, magada suka ɗauko takardar rajista mai lambar RC da bayanin masu hannun jari, suka ajiye a gaban malamin rabon gado, kuma sunan mahaifinsu kaɗai ke jiki. Dattijon ya ce wa babban ɗan marigayin: "Haba ɗana, kai ma shaida ne, ko taya ɗaya ta motocin nan babanka bai saya ba." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Na sani, Baba, amma ba ni kaɗai ba ne, akwai ƙannena da iyayensu mata." Sai da sarkin Hausawan unguwa da limamai suka sa baki kafin ya samu wani kaso. Ba na zargin magadan, domin abin da takarda ta nuna musu suka riƙe. Ga shi kuma yanzu doka ta wajabta wa kowane kamfani ya bayyana duk mai iko da kashi 5 cikin 100 na hannun jari ko fiye, ko da a bayan fage yake, saboda haka aron suna ya zama ƙarya a gaban hukuma bayan hatsarin da ke cikinsa tun asali.

Rajistar kanta ba ta da wahala, kuma ta intanet ake yin ta: a zaɓi suna, a shigar da adireshin ofis a Najeriya, da bayanan daraktoci da masu hannun jari, da irin harkar da za a yi. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan shekarar, ta ce kamfanin wata ƙasa da ke son kasuwanci a nan sai ya yi rajista a matsayin kamfanin Najeriya mai zaman kansa. Ta kuma yi wa ƙananan kamfanoni sassauci, amma da zarar akwai baƙo cikin masu hannun jari, kamfanin ya fita daga sahun ƙanana komai ƙanƙantar cinikinsa, sai ya naɗa daraktoci aƙalla 2 da sakataren kamfani.

Inda ake jin jiki shi ne jari. A ƙa'idojin da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fitar a 2022, kamfanin da baƙo ke ciki ba zai samu izinin kasuwanci ba sai jarinsa ya kai naira miliyan 100, alhali a da miliyan 10 ne, kuma kuɗin rajista da na hatimi suna hawa ne gwargwadon girman jarin. A ganina wannan adadi ya yi wa ɗan tireda da mai shago ɗaya nauyi, kuma yana cikin abin da ke tura mutane aron suna. Amma ga mai shigo da kwantena ta Apapa ko Tin Can, ko mai jigilar shanu da tirela, ba abin da zai gagara ba ne.

Hanyar da kuɗin suka shigo ta fi adadinsu muhimmanci, kuma a nan mutanenmu suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Mun saba mutum ya taho da sefa, ya ba 'yan canji, su tura masa naira a asusu cikin 'yan mintoci, a wuce wurin. Kuɗin da suka bi wannan hanya ba su bar shaidar cewa daga waje suka zo ba. Wanda ya turo kuɗin waje ta banki da niyyar zuba jari, bankin zai ba shi takardar shaidar shigo da jari, wadda ake kira CCI, kuma doka ta ce a fitar da ita cikin awa 24. Tun 2017 ta kwamfuta ake bayar da ita. Da wannan shaida ce kawai zai iya sayen kuɗin waje ta hanyar hukuma ya mayar da ribarsa ko uwar kuɗinsa gida bayan ya biya haraji. Injuna da kayan aiki ma ana iya lissafa su a matsayin jari idan takardun shigowarsu sun cika. Saboda haka nakan shawarci mutum ya zauna da jami'in bankinsa kafin ya turo ko sisi, domin gyara bayan kuɗi sun riga sun shigo abu ne mai wuya.

Sai batun zaman mutum shi kansa, wanda ya sha bamban da rajistar kamfani. Yarjejeniyar 1979 ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza na kwana 90, wanda zai zauna kuma ya nemi katin zama a hukumar shige da fice. Ɗan Ghana ko Benin yana cikin wannan, ɗan Chadi da ɗan Kamaru kuwa ba su taɓa shiga ba, sai kamfani ya nema musu gurbin ma'aikatan waje sannan su karɓi katin izinin zama da aiki na baƙi, wato CERPAC. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025, ko da yake ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da barinsu su yi zirga-zirga har sai ta ba da wata sanarwa. Ɗan Nijar da ke da dukiya a Legas bai kamata ya jingina ta da sassaucin da ake iya janyewa ba.

Bayan takardar CAC, akwai rajista da NIPC, da lambar haraji, da harajin VAT na kashi 7.5, da harajin albashin ma'aikata da ake biya wa hukumar harajin Jihar Legas, da rahoton shekara-shekara da ake kai wa CAC. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa da shi, kuma kamfanin da ya yi sakaci zai ga an rubuta a shafin hukumar cewa ba ya aiki, abin da banki da duk mai son ba shi kwangila za su fara dubawa kafin su saurare shi.