Mako na shida: na dawo kan waya

'Yan uwa masu koyon haɗa sauti, barkanmu da war haka. Ina nan Gusau ina fama da kayan sautin falona, kuma wannan makon wayar sifika ce ta ci min lokaci.

Da na tashi sayayya, kuɗina kaf suka tafi kan amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da sifika biyu masu ohm 4 (ohm shi ne ma'aunin turjiya ga wucewar wuta). Ɗan canjin da ya rage na ba wani mai shago, ya yanko min siririyar waya ja da baƙa. Sifikar hagu tana nesa, mita 10 daga amfilifaya, don sai da na bi da wayar ta bayan ƙofa. Tun ranar farko na ji dukan ganga a wannan ɓangaren ba shi da nauyi. Na zargi sifikar, har na kusa mayar da ita.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a Tudun Wada ne ya ce, "Yaro, kawo guntun wayar." Ya fere ta, ya kankare silin da reza, sai ga fari fat a ciki. Alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Alminiyon kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke wucewa da ita kawai yake iyawa, ga shi da saurin karyewa a bakin sukuru.

Ku riƙe lissafin nan. Wuta zuwa take ta dawo, saboda haka mita 10 mita 20 ce. Wayar tsantsar jan ƙarfe mai girman 2.5mm² tana ba da turjiyar kusan ohm 0.14 a wannan tsawo, ita kuwa siririya mai 0.75mm² ta haura 0.4 ko da ta gaske ce. Ga sifika mai ohm 4, ana so kada turjiyar wayar ta wuce ohm 0.2. Na sayi 2.5mm² irin ta masu wayarin gida, ba mai kwali da kan zinare ba, gangar ta dawo da ƙarfinta.

Wani ƙugi da nake ji a sifikun kuma daga wayar RCA ne, wato mai kai sauti cikin amfilifaya, da na ɗaure ta tare da ta wuta. Na raba su da tazarar taki guda, ya yi shiru.

Yanzu kashi ɗaya cikin goma na kasafi nake ware wa waya tun kafin in shiga kasuwa, da reza a aljihu. Saura in liƙe bakunan wayoyin da dalma kafin ƙurar hunturu ta sauko.