Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lissafin Dare

A makon jiya na tsaya a kan ƙaramin littafin da Baba, Allah Ya jiƙansa, yake rubutu a ciki kowane dare. Abin da ke cikinsa sirrinsa ne. Yadda ake yin sa kuwa zan faɗa, tunda shi ne gadon da Yaya bai nemi a raba ba, har yau ma aikin marasa aiki yake kiransa.

"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba," in ji Baba. Kowa ya san wannan karin magana tsakanin mutum biyu take, shi kuwa kansa yake faɗa wa.

Minti 10 ne, kada ya wuce. A yi shi kamar awa ɗaya kafin kwanciya, a zaune, da biro da takarda, waya tana nesa. Wanda ya bari sai ya hau gado, ko dai barci ya ɗauke shi a tambayar farko, ko kuma tunanin ya hana shi runtsawa. Tambayoyin 3 ne: me na ƙudurta da safe kuma ina ya tsaya, wa na ɓata wa rai ko wa ya kyautata mini, wane abu ɗaya zan gyara gobe. Layi biyu ya ishi kowace.

Ta farkon ba ta yiwuwa in ba a ƙudurta komai da safe ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta abin da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: a gindaya sharaɗi da safe, a sa ido da rana, a zauna lissafin uwar kuɗi da riba da asara a ƙarshen yini. In babu sharaɗi, da me za a auna?

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne rubuta hali maimakon aiki. Mutum ya rubuta "ni mai fushi ne". To, sai me? Ba a gyara wannan gobe da safe. Amma in ya rubuta "ƙarfe 4 na katse ƙanwata tana magana, ban ci komai ba tun safe", ya samu lokaci, ya samu dalili, ya san wadda zai ba haƙuri. Na farkon tuhuma ce, ita take mai da lissafi ya koma saƙe-saƙen zuci har ƙarfe 2 na dare, washegari mutum ya tsani littafin. Gyara kayanka aka ce. Ba a ce ka sauke su ka zauna kana kuka a kansu ba.

Wani kuma sai ya cika shafi da laifin mutane. Da zarar ka ga sunan wani ya fito sau uku naka bai fito ba, ka rufe littafin, lissafin wani kake yi. Wannan Yaya ya ƙware a kai, ba ya ma buƙatar biro.

Tambaya ta uku kada a bar ta a dunƙule. "Zan ƙara ƙoƙari" ba magana ba ce. A rubuta aikin da lokacinsa. Sai bayan shekaru na ji an gwada wannan a Jami'ar Baylor ta Amurka, aka wallafa a 2018: cikin mutum 57, waɗanda suka yi minti 5 suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun riga masu rubuta abin da suka gama yin barci da kusan minti 9. Na so Baba ya ji wannan. Ina jin zafin cewa yana raye ban taɓa zama na tambaye shi yadda yake yi ba, a leƙe na koya.

Daren da ya kuɓuce ba a ramawa, a ci gaba daga na yau, don masu son cike gibin kwana huɗu a zama ɗaya su suke watsar da abin gaba ɗaya. A dare na 7 ba a sabon rubutu. A karanta na kwana 6, a ja layi ƙarƙashin duk abin da ya maimaitu sau 3, shi kaɗai za a ɗauka ya zama sharaɗin safiyar makon da ke tafe.