Wa Ke Karɓar Bashin Karatu Idan Lokacin Biya Ya Yi?

Tun da NELFUND, hukumar ba ɗalibai bashin karatu ta Najeriya, ta buɗe shafinta a watan Mayun 2024, ɗalibai a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ta Bauchi da Jami'ar Sa'adu Zungur ta Gadau ke ta cike fom. Kuɗin makaranta ya wuce asusun jami'a kai tsaye, naira 20,000 ta kashewa tana shigowa duk wata. Amma hannun da kuɗin zai bi ya koma, ba a cika zancensa ba.

Mai ba da bashi daban, mai karɓa daban. A Amurka Ma'aikatar Ilimi ce mai kuɗin, sai ta ba kamfanoni irin su Nelnet da MOHELA da Aidvantage kwangilar karɓa, tamkar yaron shago da littafin bashi a hannunsa. Su ke lissafin ruwa, su aiko takardar biya, su sauya wa mutum tsari idan albashinsa ya gaza. Ba kai ke zaɓar kamfanin ba, haɗa ku ake yi. Ana fara biya wata 6 bayan kammala karatu, tsarin da aka saba kuma na shekara 10 ne. Wanda ya yi jinkirin kwana 90, sunansa ya shiga rajistar masu taurin bashi. Ya kai kwana 270, an ɗauke shi ya gaza ke nan.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lokacin da aka mayar da asusu daga wannan kamfani zuwa wancan, kamar yadda na Navient suka koma Aidvantage a 2021. Wasiƙa ta tafi tsohon adireshi, mutum na zaune yana zaton banki na cirewa. Akwai kuma wanda zai ƙara kuɗi don rage uwar bashi, kamfani ya lissafa masa shi a matsayin biyan watan gobe, don bai faɗi inda yake so a saka ba.

A nan gida babu ruwa a bashin, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa. Biya na farawa shekara 2 bayan bautar ƙasa. Aikin ɗan tsakiya kuwa ya faɗa kan wanda ya ɗauke ka aiki: shi zai cire kashi 10 cikin 100 na albashi ya tura. Mai albashin naira 150,000, naira 15,000 ke nan duk wata. Mai ɗinki ko shago a Kasuwar Wunti shi zai tura kashi 10 na ribarsa da kansa.

To, cirewa daban, turawa daban. Duk wanda ya san rigimar kuɗin fansho ya san haka. Ka adana takardar albashin kowane wata, ka riƙa gwada ta da abin da asusunka na NELFUND ya nuna, in ka ga giɓi ka nemi shaidar turawa a ofishin akanta a rubuce. Wanda bai samu aiki ba bayan wa'adin, doka ta ba shi damar neman ƙarin lokaci da takardar rantsuwa cewa ba shi da aiki ko wata hanyar samu.