Kwana 208 da rabi: yadda muka gano cutar da ke kashe kwamfutocin wani abokin cinikinmu

Sana'ata ita ce kafa sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, da kula da su ga ƙananan kamfanoni a Kano, kuma mu huɗu ne a ofis har da ni. A watan Satumba na shekarar 2011 wani babban dillalin magunguna ya ba mu aikin haɗa masa lissafin kaya da na bashi wuri guda, sai muka sayo saba ɗaya mai ƙarfi, muka raba ta zuwa kwamfutocin kwaikwayo uku, wato kwamfutocin da manhaja ke ƙirƙira a cikin inji ɗaya kowace tana aiki kamar mai zaman kanta. Dukkansu ukun muka ɗora musu Linux mai kanel 2.6.32, kanel kuwa shi ne zuciyar manhajar da ke raba wa shirye-shirye lokacin furosesa, wato sashen injin da ke yin lissafi, da wurin ajiya. Muka kuma shawo kan mai kamfanin ya sayi inbata da batura masu kyau, domin kada injin ya riƙa mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Wata bakwai aiki na tafiya lami lafiya. A tsakiyar Afrilun 2012 ya kira ni da hantsi, ya ce: "Injiniya, kwamfutar lissafi ta sandare, ga mutane cike da shago." Na ce: "Ranka ya daɗe, gani nan tafe." Muka sake kunna ta, ta tashi kamar babu abin da ya faru. Bayan kwana uku ta biyu ma ta sandare.

Da yake lokacin bazara ne, zafi muka fara zarga, amma ma'aunin zafin injin bai nuna wani abin tsoro ba. Muka kwana muna gwada ma'ajiyar wucin gadi da memtest86+, muka duba faifan ajiya, duka lafiya ƙalau. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne babban injin bai taɓa tsayawa ba, kwamfuta ta uku ma tana ta aikinta, alhali da ƙarfe ne ya lalace da cutar ta shafe su gaba ɗaya. Fayilolin rahoto kuma ba su taimaka ba, saboda idan kanel ya faɗi ba ya samun zarafin rubuta kalamansa na ƙarshe a faifai, allo kawai yake zuba wa, kuma mu da kanmu muka share allon farko da muka yi gaggawar sake kunnawa. A karo na biyu na hana kowa taɓa komai sai da na ɗauki hoton allon. A cikinsa na ga kanel yana cewa an yi rabawa da sifili a wani sashe mai suna find_busiest_group, wanda aikinsa shi ne gano furosesar da kaya suka yi wa yawa domin a rage mata.

Amsar ta fito ne daga littafin rajistar da nake tilasta wa yarana su riƙa cikawa da biro duk lokacin da suka taɓa injin wani. Ƙaraminsu ya lura cewa kwamfutoci biyun da suka faɗi ba a taɓa kashe su ba tun makon da aka kafa su, ita kuwa ta ukun an kashe ta a watan Janairu domin a ƙara mata wurin ajiya. Muka ƙirga kwanaki, sai muka ga duka biyun sun faɗi ne jim kaɗan bayan sun haura kwana 208 a kunne. Da na haɗa wannan adadi da sunan sashen na bincika a intanet, na tarar cewa cutar sananniya ce a wurin masu gina Linux.

Ga yadda take. Furosesar Intel tana da wani ma'ƙirgi da ke ƙaruwa da kowane bugu na agogonta, kuma kanel yana mayar da wannan ƙirga zuwa nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, a wani sashe da ake kira sched_clock. Don ya guje wa lissafin ɓangarori, yakan ninka ƙirgar da wani adadi da aka riga aka faɗaɗa sau 1024, sannan ya raba da 1024 daga baya. Mazubin da ake yin lissafin a ciki gurbi 64 gare shi, kowane gurbi yana ɗaukar sifili ko ɗaya, faɗaɗawar kuma ta cinye 10, tunda 1024 biyu ce da aka ninka da kanta sau 10, saura 54. Biyu idan aka ninka ta da kanta sau 54 tana ba da nanosakan da suka kai daƙiƙa miliyan 18 da 'yan kai, wanda shi ne kwana 208 da rabi. Da zarar an kai nan mazubin ya cika ya zube, agogon kanel ya yi tsalle, lissafin ƙarfin furosesa ya rikice har ya iya komawa sifili, kuma duk lokacin da aka zo rabawa da shi sai komai ya tsaya. Salman Qazi, injiniya a Google, ya riga ya aika gyaran tun Nuwamban 2011, kuma gyaran 'yan layuka ne kawai: a raba adadin gida biyu kafin a ninka, domin kada ya fi ƙarfin mazubin.

Abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai shi ne mun kafa wannan kanel ɗin a wurare da dama kafin nan ba mu taɓa ganin matsalar ba, domin a garinmu da wuya inji ya yi ko wata biyu wuta ba ta kashe shi ba, kuma kowace mutuwa tana mayar da ƙirgar sifili. Baturan da muka sa aka saya su ne suka bai wa injin tsawon ran da cutar ke buƙata kafin ta bayyana. Na zauna na yi wa mai kamfanin wannan bayani dalla-dalla, na kuma gaya masa cewa alhakin sabunta kanel yana wuyana, don haka ban karɓi ko sisi a kan aikin kwanakin nan ba.

A daren Juma'a bayan an rufe shago muka sabunta kanel ɗin duka ukun, muka kashe su ɗungurungum muka sake kunnawa. Muka kunna kdump domin ya adana hoton ƙwaƙwalwar kanel idan ya sake faɗuwa, muka kuma karkatar da saƙonninsa zuwa wani fayil a babban injin. Washegari na aika yarana biyu su zagaya sauran abokan cinikinmu da ke da inbata, su rubuto mini lambar kanel ɗin kowane inji da adadin kwanakin da ya yi a kunne, kuma a wata makaranta suka tarar da guda ɗaya da ya kai kwana 190.