Zarto bai tsaya ba, ni kuwa na miƙa hannu

Wata huɗu ke nan da aka warware mini ɗinki, amma har yau idan na ɗora yatsana manuni a kan rubutun makafi na Braille, ɗigo biyu da ke jere sai in ji su sun haɗe kamar guda. Tsakanin ɗigo da ɗigo milimita 2.5 ne kacal, tabo kuwa ba ya rarrabe irin wannan tazarar. A wurin mai ido yatsa ne kawai, ɗaya cikin goma. Ni da shi nake karatu, da shi nake bin layin da na tsaga a jikin katako, da shi nake sanin ko haɗi ya zauna ko akwai giɓi.

Shekara shida ina aikin katako don sha'awa, tun bayan da hawan jinin ido ya ƙarasa ɗauke mini gani. Abin da mutane ke zaton shi ne mai wuya, wato awo, bai taɓa hana ni barci ba. Ina da ma'aunin nan na ƙarfe mai ƙas-ƙas, wanda kowace ƙara ɗaya take nufin kashi 1 cikin 16 na inci, sai ka ƙirga da kunne da yatsa. Fensir ba shi da amfani a wurina, da bakin wuƙa nake jan layi a gefen sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, farce ya faɗa ciki. In zan yanka katako shida masu tsawo ɗaya, sau ɗaya nake awo, in ɗaure ɗan guntun katako ya zama birki, sauran su zo su tokare a jikinsa. Duk wannan ya zauna mini. Kuma zaman da ya yi ne ya sa na saki jiki.

Ranar, akwati nake yi wa 'yata na ajiye littattafai. Saura yanka ɗaya. Kwana uku kafin nan na haɗa sabon injin zuƙe ƙura, saboda garin katako ya fara sa ni tari, na kuma toshe kunnuwana kamar yadda ake ba da shawara. Na tura katakon da sandar turi ya wuce lafiya, na kashe zarto da gwiwa. Sai na tuna da ɗan guntun da ya rage kusa da faifan, na miƙa hannun dama in share shi.

Faifan zarto na tebur yana juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti. In ka kashe shi ba ya tsayawa nan take, nawa yakan ɗauki wajen daƙiƙa goma yana lilo. Shekara shida kunnena ne ke gaya mini lokacin da ya tsaya: ƙarar ta yi ƙasa, ta koma huci, sai tsit. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin doka ba, don ban ma san ina yin sa ba. Ranar nan injin zuƙe ƙura yana ta ruri a bayana, ya haɗiye hucin faifan gaba ɗaya. Kunnena ya ji babbar ƙarar zarto ta ɗauke, sai jikina ya yanke hukuncin cewa an gama.

Ban ji zafi da farko ba. Wani bugu na ji, kamar an make ni da sanda, sai ɗumi ya gangaro mini zuwa gwiwar hannu. Ɗinki bakwai. Ƙashi ya tsira, Alhamdulillahi, amma naman kan yatsan, daidai inda jijiyoyin ji suka fi taruwa, haƙorin faifan ya tafi da shi.

Abin da ya fi raunin ƙona mini rai shi ne maganar da ta biyo baya. Yayana ya zo duba ni, bai ko zauna ba ya ce, “Kai ma dai, ina makaho ina zarto? Ba mun faɗa maka ba?” Na ce, “Yaya, da makanta ce ta yanke ni, da tun shekarar farko ta yi.” Har yanzu a kan wannan nake. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 30,000 faifan zarton tebur ke kaiwa asibiti kowace shekara a ƙasar, kuma kusan dukkansu da idonsu garau. Wasu kuma suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma ba zan ɓuya a bayanta ba. Na sauya yanayin sautin ɗakin aikina, ban tsaya na tambayi kaina me wannan sauyin ya ɗauke mini ba. Mai ido da zai kashe fitila ya ci gaba da yanka, kowa zai ce ya yi ganganci. Abin da na yi ke nan, sai dai tawa fitilar a kunne take.

A kwanakin jinya na yi ta tunanin Louis Braille. Yana ɗan shekara uku, a 1812, ya soke idonsa da abin huda fata a shagon mahaifinsa mai ɗinkin kayan doki a Faransa. Rubutun da ya ƙirƙiro daga baya kuma da tsinke mai kama da basilla ake huda shi. Bai guji abu mai tsini ba har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ya taimaka mini a daren da na kusa cewa a zo a kwashe injinan.

Matata ce ta ce, “Maigida, ni ba zan ce ka bari ba. Amma ka faɗa mini abin da zai bambanta gobe da jiya.” Tambayar ta fi ta kowa nauyi, kuma sai da na yi mako biyu kafin na iya amsa ta.

Yanzu zarto da injin ƙura makunni ɗaya gare su, in ɗaya ya mutu duka sun mutu. Da na kashe, hannuwana biyu suna komawa bayana, in riƙe ɗaya da ɗaya, in zare abin kunne bayan ƙara ta lafa, in jira tsit na gaske. Ko an yi tsit, sanda ce ke fara zuwa wajen faifan, in ji ta taɓa haƙori bai motsa ba, sannan yatsa. Murfin faifan da na cire tun da daɗewa saboda yana hana ni laluben saiti, na mayar da shi. Saiti kuma ba na yin sa sai fulogi yana cikin aljihuna. Akwai zarton SawStop da ke gane fatar mutum ta hanyar lantarki ya tsayar da faifai cikin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma duk wanda ya samu hali ina ganin ya dace ya mallake shi. Amma ko da shi, zan ci gaba da mayar da hannu baya.

Ɗan'uwa mai larurar gani da ke son fara wannan aiki, ka fara, kada kowa ya tsorata ka. Ka soma da zarton hannu, musamman irin na Japan da ke yanka in an jawo shi, ka daɗe a kai. Ranar da ka shigo da wani sabon abu mai ƙara, ko fanka ce, ko rediyo, ko abin toshe kunne, kada ka yanka komai. Kunna injin babu katako, ka kashe, ka saurara ko za ka ji tsayuwarsa. Ka maimaita har sau biyar. Minti biyu wannan gwajin zai ɗauke ni, da na yi shi.

Akwatin na gama shi makon jiya. Akwai ɗan duhu a gefen murfin ta ciki, 'yata ta ce tana ganinsa, na hana a goge. Da yatsan tsakiya na bi kusurwoyin huɗu ina neman giɓi, shi nake koya wa karatu yanzu, kuma har yau yana yi mini tuntuɓe a kan ɗigo na uku da na shida, wato biyun da ke jere a ƙasan harafin Braille.