Akwatin Kawu da baƙon doki

Yau na tashi da niyyar gama hotunan saitin ces, wato darar Turawa, na Rashan nan da na yi muku alkawari. Hasken safe ya yi kyau, na jera sarakuna da bishof-bishof a bakin taga, kowanne da ɗan tsinin kansa mai launin abokin gaba, babu gicciye ko ɗaya, yadda aka saba yi zamanin Tarayyar Sobiyet. Raina fes, har da 'yar waƙa. Sai ga kiran Kawu, wai yana hanya, kuma ya ɗauko akwatin.

Kun san akwatin da nake nufi. Kullum a saman kabad yake, in aka sauko da shi to wasa za a yi, shi da yayansa marigayi Kawu Babba, mu yara sai kallo daga nesa. Tun rasuwar Kawu Babba, Allah ya jiƙansa, ba a sake buɗe shi ba.

Ko zama bai gama yi ba ya turo min shi. "Ɗan nan, tunda kai ne masanin ces, duba min. Wani ya ce wannan na 1849 ne. Ga sa hannun Baturen ma a jiki."

Akwatin dai ba shi da makusa. Katakon mahogani ne, ya yi duhu da shekaru, kusurwoyinsa sun lallausa da shafar hannu. A cikin murfi ga koriyar takarda manne, da sunan Jaques na Landan, da sa hannun Howard Staunton. Sai da gabana ya faɗi. Duk mai son tsofaffin 'ya'yan ces ya san labarin: a ranar 1 ga Maris 1849 Nathaniel Cooke ya yi rajistar wannan fasali, kamfanin John Jaques ya sassaƙa ya fitar kasuwa a shekarar, aka laƙaba masa sunan Staunton saboda shi ne gwanin Ingila a lokacin kuma shi ya tallata shi. Kafin nan kowa da nasa salon, Ingila da salon Sen Joj, Faransa da salon Rejans, dogaye sirara masu saurin faɗuwa, wani lokaci sai ka zura ido kafin ka raba sarauniya da bishof. Fasalin Staunton ya zo da faffaɗan gindi da kawuna da ba a rikita su, shi ne har yau ake wasa da shi a gasa.

Na fara da sa hannun, don shi ya fi riƙe wa Kawu zuciya. Na ce masa saiti 500 na farko ne Staunton ya sa wa hannu da alƙalami, aka ba su lamba. Bayan nan bugawa ake yi a jikin takardar, aka ci gaba da bugawa shekaru masu yawa bayan mutuwarsa a 1874. Na miƙa masa gilashin ƙara girma ya gani da idonsa: tawadar sa hannun da ta sauran rubutun iri ɗaya ce, kwance lumui, babu inda bakin alƙalami ya danna takarda. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, ko ba na farkon ba ne, ai dai gidan ɗaya ne."

Ni ma haka na so. Amma ina ɗaga farin sarki na ji hannuna ya tafi sama fiye da yadda na shirya masa. Ba nauyi. Saitin Jaques mai wannan tsayi yawanci da dalma a cikin gindi, ka ɗaga ka ji yana jan hannunka ƙasa, ka ajiye ka ji ya zauna daram. Na juya shi ina neman tambarin da suke bugawa a gefen gindin sarki, sunansu da na Landan. Wayam. Na duba baƙin sarki, shi ma babu. Na bi kawunan hasumiyoyi huɗu ina neman ɗan jan kambin da ake bugawa a kan hasumiya da dokin ɓangaren sarki, ban ga ko ɗigo ba.

Baƙaƙen ne suka ƙarasa maganar. Na Jaques katakon eboni ne, baƙi har cikin zuciyarsa, mai nauyi da sanyi a tafin hannu, ko ya gutsure baƙi za ka gani. Waɗannan kuwa duk inda yatsa yake yawan kamawa, wuyan sojoji, bakin kambin sarauniya, kunnen doki, baƙin ya koɗe, rawaya ta leƙo. Farin katakon bokswud ne aka rina. Ba aibu ba ne, haka ake yi don saiti ya zo hannun kowa, amma ba shi ne abin da takardar murfin take magana a kai ba. Sannan da na mayar da su cikin akwatin na ɗan girgiza, sai suka yi ta kai da komo. An yi akwatin ne don 'ya'yan da suka fi su tsayi da kauri.

Daga nan sai doki. Na sha faɗa muku, in kana son sanin asalin saiti, doki za ka tambaya. Sauran duka a kan inji ake juya katako a fitar da su, kowace masana'anta tana iya kwaikwayon ta wata. Doki kuwa sai an sa wuƙa da hannu, kuma hannun kowane gida daban. Dawakan nan yankansu kaɗan ne, fuska a miƙe, geza 'yan layuka a jere, baki tsaga ɗaya, aikin wanda ya ƙware kuma yake da tulin oda a gabansa. Hannun Faransa ne, na yankin tsaunukan Jura inda bokswud yake da yawa. Can ne kamfanin Lardy ya kafu a Dortan a 1890, ya yi ta fitar da saiti zuwa ƙasashe har ya rufe a 1992, galibi ba tare da tambari a jikin 'ya'yan ba, dillalai su zuba a akwatinsu su manna sunansu. Da na haɗa siffar dokin da siririn ƙyallen da ke gindi da yadda farin ya koma ruwan zuma, sai na ce masa tsakiyar ƙarni na 20, bayan yaƙin duniya na biyu.

Ya yi shiru. Sai can ya ce, "Wato kama da wane ba wane ba ne."

Na ce, "Kawu, saiti ne mai kyau. Irinsa aka yi ta gasa da shi a ƙasashe da dama."

"Ba shi na tambaye ka ba. Na akwatin ne ko ba na akwatin ba?"

"Ba nasa ba ne."

"Shi ke nan."

Ya fara kwashe su da hannu biyu yana zubawa, ba ɗaya bayan ɗaya yadda ya fito da su ba. Wannan kwasar ce ta tsaya min a rai har yanzu. Da ya shigo, a ƙirji ya rungumo akwatin.

Ina taya shi ne hannuna ya kai ga ɗaya farin dokin, wanda ya gangara bayan akwati tun farko ban lura da shi ba. Nauyi. Na ɗago shi kusa da taga. Wannan ba ɗan gidan ba ne sam. Launinsa ya fi na sauran zurfi, wuyansa a tanƙware, hanci a buɗe, an fitar masa da haƙora da jijiyar muƙamuƙi, geza kuwa gashi-gashi. Dokin Staunton na asali an ɗauko shi ne daga kan dokin dutse na ginin Fatenon na Girka, wanda yake gidan tarihi na Birtaniya, kuma wannan yana da wannan fusatar a fuska. Ƙyallen gindinsa kore ne mai kauri, asu ya ɗan ci gefe, ta ramin ana hango dalma ta yi fari-fari. Akwai siririyar tsaga daga gindi zuwa sama, irin wadda take fitowa idan katako ya bushe ya matse, dalmar ciki kuma ta ƙi matsuwa. A tsakiyar kansa, ɗan kambi ja, ya dusashe amma yana nan.

Na ce, "Kawu, dubi wannan."

Na yi masa bayanin kambin. A da, idan ana rubuta wasa, ba lambar gida kawai ake rubutawa ba, cewa ake yi dokin sarki ya je wuri kaza, hasumiyar sarauniya ta je wuri kaza. To in wasa ya yi nisa dawakai sun cakuɗe, ta yaya za ka san wanne ya taso daga gefen sarki? Shi ya sa ake buga masa alama. Wannan salon rubutu ya ja baya, hukumar ces ta duniya, FIDE, ma ta daina karɓarsa a 1981, alamar ta rasa aiki. Ba Jaques kaɗai suka yi amfani da kambi ba, wasu masu sassaƙa na Ingila ma sun buga, don haka kambi shi kaɗai ba hujja ba ne. Amma kambi da nauyi da wannan sassaƙa, ga shi kuma a cikin wannan akwati, kuma tsayinsa ya dace da zurfin akwatin, ni dai zuciyata ta ba ni cewa shi kaɗai ne ya saura daga 'ya'yan asali.

Ya karɓa ya juya shi. "Wannan ai shi ne dokin Yaya. Kullum shi yake fara fitarwa. Yakan ce ya fi ɗan'uwansa jin magana."

Na zaci a nan maganar za ta gyaru. Ina! Sai ya ce tunda sauran ba wasu abu ba ne, zai kai wa kafinta ya bi su da samfefa, ya sake musu baƙin fenti, ya shafa banish su yi ƙyalli, a sauya ƙyallen gindi, ya ba jikoki. Har da dokin, wai don launinsa ya zo daidai da na 'yan'uwansa.

Na ce, "Don Allah Kawu, kada a yi haka."

"Kai ne fa ka ce ba na asali ba ne."

"Na ce ba na akwatin ba ne. Shekarunsu na nan a jikinsu, kuma da abin da za a goge ɗin nan ake karanta su."

Na nuna masa. Ruwan zumar nan ba a shafa shi, haske da iska da man hannu ne suke yin sa a hankali, samfefa kuwa minti kaɗan ya ishe ta ta mayar da shi fari fat. Ana sassaƙa sababbin saiti masu kyau ƙwarai a Amritsar ta Indiya, har da kwaikwayon na 1849, ana rina su su yi kamar tsofaffi, amma launinsu ɗaya ne daga sama har ƙasa, har cikin lunguna. Tsohon gaske ba ya tsufa daidai. Inda ake kamawa ya fi santsi, lungu ya fi duhu, sojojin tsakiya sun fi na gefe cin wuya. Na ɗauko masa baƙin sojan da ya fi kowanne koɗewa na ce wannan hannun wani ne ya cinye shi haka, ba injin kowa ba. Ƙyallen gindi ma shaida ne, da irin gam ɗin da aka manna shi. In an cire, an yage shafi guda. Abin da suke buƙata bai wuce busasshen tsumma mai laushi da ɗan kakin zuma ba, sai a nisanta su da rana da zafi don tsagar dokin kada ta ƙaru.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in riƙe akwatin zuwa Asabar, zai yi tunani. Da na raka shi bakin mota bai yi min zolayar da ya saba ba.

Da yamma yayata ta kira, ashe ya biya ta wurinta. Ta ce me zai rage ni da na bar tsoho da 1849 ɗinsa? Na ce da ya kai wa wani fa, ya faɗa masa a gaban mutane, ko ya karɓe dokin ya bar masa sauran? Ta ce ni dai ban san lallashi ba. Mun rabu ba a kan magana ɗaya ba. Na yarda da ita cewa ya tafi da ɓacin rai, ban yarda cewa ƙarya ce maganinsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda shekarar 1849 a bakin wani baƙo ta fi masa nauyi a kan duk wasannin da aka yi da 'ya'yan nan. Jiya su ne saitin Yayansa. Yau da na ce Faransa, 1950 da wani abu, sun koma kayan wasan jikoki. Kuma ni na faɗi shekarar.

Hotunan Rasha ban koma kansu ba. Hasken ya riga ya wuce.

Na auna dokin a sikeli, na auna tsayinsa da faɗin gindi, na ɗauki hoton kambin da na takardar murfi don in gwada kalmominta da na sauran takardun Jaques, tunda launinsu da rubutunsu sun yi ta sauyawa da zamani, ta nan za a iya matso da shekarun akwatin. Da yawa daga bayanan kamfanin sun tafi lokacin da bam ya faɗa wa masana'antarsu ta Hatton Garden a 1941, shi ya sa aikin ya koma gwada saiti da saiti. Wanda yake da akwati mai koriyar takarda a cikinku, ya turo min hoton cikin murfin kafin Asabar, a miƙe, ba da filasha ba. Ina so in je wa Kawu da wani abu a hannu kafin ya je wa kafinta.