Ga ƙannena likitocin dabbobi na Tawa

Ƙannena, da waɗanda suka fito makarantar likitocin dabbobi ta Dakar da waɗanda suka koyi aikin a nan gida, akwai abin da ba a karantar da mu ba: yadda mutum zai kwana bayan saniya ta mutu a hannunsa.

Sau da yawa makiyayi ba ya kiranka sai ya gama gwada nasa. Ya ba da sassaƙe, ya sayo kwalbar magani da ta yini cikin rana a kasuwa, ya yi allura da kansa, ya jira. Kai kuma ka hau moto ka keta rairayi, ka tarar da bisa kwance, kunne ya riga ya yi sanyi. In ta tafi, sai ka dawo gida kana tuhumar kanka.

Na daɗe ina wannan tuhuma, kuma ta fi cina a 2010. A farin da aka yi shekarar nan ciyawa ta ƙare a arewa, wajen Abalak da Cintabaradan, shanu suka rame har ana ɗaga su da itace. Da ruwan farko ya sauka, waɗanda suka rage ƙarfi suka zube. Yunwa ce, kuma yunwa ba ta da allura, amma ni kowace gawa a wuyana nake ɗora ta. Na shiga kauce wa rugagen da aka yi asara. In na hango mai garke a kasuwa, sai in canza hanya.

Kar ku yi haka. Ku koma, ku zauna bisa tabarma, ku ce Allah ya mayar da alheri, ku sha shayin da aka ba ku. Sai da na fara komawa na gane makiyayi ya san mutuwar dabba tun kafin a haife ni, kuma abin da ke ƙona masa rai shi ne likitan da ya ɓace. A irin zaman nan ne ma ake iya cewa, “Baba, gaba ka kira ni tun ranar da ta bar kiwo,” ya kuma ji.

Jin nauyin nan ya sa na riƙa ba da magani bashi babu lissafi, har na kasa sabunta kaya. Taimako yana da kyau, amma ku rubuta, ku sa iyaka.

Sai shiru, wanda ya fi komai yi mini illa. Lokacin da zazzaɓin Rift ya ɓulla a Cintabaradan a 2016, ya kama dabbobi da mutane, mu da muke sa hannu cikin ɓari da mahaifa mun tsorata ƙwarai. Ban gaya wa kowa ba, har barci ya ƙaurace mini, ina yi wa iyalina faɗa kan abin da bai kai ba. Ashe abokan aikina ma haka suke.

Ku nemi mutum ɗaya cikin sana'ar, babba ko tsara, wanda za ku kira da dare ku ce yau ta yi mini nauyi. In rashin barci da ƙuncin rai suka ɗauki makonni, ku ga likitan mutane. Lokacin kamfen ɗin rigakafin ciwon huhun shanu kuma, ku shirya da wani ya riƙe muku salula yini ɗaya a mako.